Tukunya Ɗaya a Kobe

A ƙarshen watan Disamba na shekarata ta farko a Japan, malamin da ke kula da karatuna ya kira mu ofishinsa, mu uku baƙin ɗalibai, ya ce ranar Asabar uwargidansa tana gayyatarmu cin nabe. Na yi godiya har da sunkuyar da kai kamar yadda aka koya mana, amma da na koma ɗakina sai barci ya gagare ni, domin na riga na san mene ne nabe. Kalmar a harshensu tukunya take nufi, abincin kuma ya ci sunan tukunyar. Ana ɗora ta a kan wuta a tsakiyar teburi, a riƙa zuba nama da ganye da awara, kowa yana ɗebowa. Da a ce faranti-faranti za a raba, da da sauƙi, sai in ture abin da ban yarda da shi ba gefe, in ci shinkafata in yi shiru. To amma romon ɗaya ne. In yanki guda na alade ya faɗa ciki, ko aka ɗiga giyar shinkafar nan da suke girki da ita, shi ke nan an gama da ni, kuma ba ni da hanyar janye hannu ba tare da na kunyata mutumin da makomar karatuna ke hannunsa ba.

Kobe gari ne da ya matsu tsakanin dutse da teku, kuma a wannan wata iskar da ke gangarowa daga dutsen Rokko ta fi hunturun Damagaram cizo. Mun isa gidan bayan magariba, ni da wani ɗan Indunusiya wanda shi ma Musulmi ne, da wata ɗaliba ƴar ƙasar Sin. Muka cire takalma a bakin ƙofa, muka tanƙwashe ƙafa a gaban gajeren teburi. A tsakiyarsa ga ƙaramin risho mai gwangwanin gas, a kansa ga tukunyar ƙasa da ruwa, babu komai a ciki sai wani baƙin ganye mai faɗin tafin hannu. Kafin mu buɗe baki, uwargida ta ɗauko ledar da aka sayo naman a ciki ta nuna mana tambarin halal. Ta ce jirgin ƙasa ta hau har unguwar masallaci ta sayo, ta sa shi a firji ya ɗan daskare, sannan ta yanka shi falle-falle da hannunta. Masallacin da take nufi shi ne na Kobe wanda aka buɗe a 1935, mafi tsufa a ƙasar, wanda ya tsira daga ruwan bama-baman 1945 da girgizar ƙasar 1995. Miyar tsomawa ma da kanta ta haɗa, da riɗi da lemun tsami, ba ta sa giya ko ɗigo ba. Shi kuwa Malam, wanda kowa ya san ba ya wasa da kwalbarsa a ƙarshen shekara, koren shayi ya sha a daren nan.

Da hankalina ya kwanta sai bakina ya buɗe. Na ce, "Malam, ashe mu da ku duk ɗaya ne. Mu ma a gidan mahaifina a kwano ɗaya muke ci tun kaka da kakanni." Ya yi dariya ya ce, "Naku ne na kaka da kakanni. Namu kuwa, da kakan kakana zai leƙo ɗakin nan, da ya toshe hanci ya ruga ya tsarkake jikinsa. Ga naman sa, ga malami da ɗalibansa suna tsoma tsinke a tukunya ɗaya, ga kuma uwargida a zaune tare da baƙi." Wannan magana ita ta sa na cinye hutun sabuwar shekara ina bin tarihin tukunyar nan, abin da na samu kuma shi ne nake son in ɗan warware wa mai karatu.

Ita tukunyar kanta tsohuwa ce ƙwarai. Tukwanen ƙasa da aka tono a Japan suna cikin mafi tsufa a duniya, wasunsu a yankin Aomori sun haura shekara 15,000. A 2013 masu bincike suka kankare ƙanzon da ya maƙale a jikin irin waɗannan tukwane suka auna, sai suka tarar da alamun kifi da sauran kayan ruwa. Ke nan tun kafin a fara noman shinkafa a tsibiran, mutanensu sun san romon kifi. Abin da ya yi baƙo a teburinmu shi ne naman, da kuma yadda muka zauna.

Labarin nama ya fara ne da addinin Buda, wanda ya shigo Japan ta Koriya a ƙarni na 6 da koyarwarsa ta ƙin kashe mai rai. A shekarar 675, wato wajen shekara ta 55 bayan Hijira, Sarki Tenmu ya yi shela ya hana cin naman sa da doki da kare da biri da kaza, daga wata na huɗu zuwa na tara, lokacin aikin gona ke nan. Littafin tarihinsu Nihon Shoki, wanda aka kammala a 720, shi ya ajiye labarin wannan shela. Sarakunan da suka biyo baya suka yi ta maimaita irinta. Hanin ya samu gindin zama saboda ya dace da tsohon addininsu na Shinto, wanda ke ɗaukar jini da mutuwa a matsayin ƙazanta, ya kuma dace da buƙatar manomi, domin san da aka yanka ba zai ja garma ba. A hankali cin dabba mai ƙafa huɗu ya zama abin ƙyama, wanda ya ci sai ya ƙaurace wa wurin bauta na wasu kwanaki. Haka aka tafi kusan shekara 1,200, ana rayuwa a kan shinkafa da kifi da waken soya da ganye.

Sai dai ɗan Adam duk inda yake ɗan Adam ne, in ka toshe masa ƙofa zai nemi taga. Shelar Tenmu ba ta ambaci barewa da aladen daji ba, mutanen duwatsu kuma ba su daina farauta ba. A zamanin Edo, daga 1603 zuwa 1868, lokacin da mulki yake hannun shogun, wato sarkin yaƙi, mutanen birni suka koyi sauya wa nama suna. Naman barewa ya zama momiji, sunan wani ganye da ke yin ja a kaka. Na doki ya zama sakura, furen nan da suke ji da shi. Aladen daji kuwa aka kira shi yama kujira, ma'ana kujirar tsauni, ita kujira kuwa ita ce ƙatuwar dabbar tekun nan da a wancan zamani suke lissafa ta cikin kifaye. A jerin zanen birnin Edo da Hiroshige ya shahara da shi, akwai wani na 1858 da ke nuna titi cikin dusar ƙanƙara, ga allon shago an rubuta wannan suna ɓaro-ɓaro. Akwai kuma masu ci da sunan magani. Masarautar Hikone takan aika wa shogun kansa naman sa da aka tsuma a daddawar waken soya, a ce na ƙarin lafiya ne. Wanda ya taɓa jin yadda mu ma muke laƙaba wa abin kunya suna mai daɗi ba zai yi mamaki ba.

Zaman cin abinci kuwa nasa labarin daban ne. A gidajen mayaƙa da na attajirai kowa da ƙaramin tirensa mai ƙafa, kuma girman tiren da inda aka ajiye shi su ke nuna matsayin mutum. A gidajen talakawa da shagunan ƴan kasuwa akwai abin da suke kira hakozen, ɗan akwati ne da kowa ke ajiye kwanukansa da tsinkayensa, in lokacin ci ya yi ya kife murfin ya zama teburinsa. A ƙauye ana rataya tukunya a kan murhun da ke tsakiyar ɗaki, amma kowa da gurbinsa a gefen wutar, mai gida da nasa wanda ba mai zama a kai, kuma matar gida ce kaɗai ke riƙe da ludayi tana zuba wa kowa a kwanonsa. Ranar da uwar miji ta miƙa wa surukarta ludayin shinkafa, ranar ta sauka daga mulkin gida. Sai a ƙarshen zamanin Edo, da ƙananan murhunan gawayi suka yawaita a birane, mutane suka fara ɗora ƴar tukunya a gabansu suna ci tana tafasa, awara ko kifi a ciki. Har yau saura na nan. A gidan Malam na lura kowa yana da kwanon shinkafarsa da tsinkayensa da ba mai taɓawa.

Abin da ya rushe wannan tsari daga teku ya fito. A 1853 Matthew Perry ya shigo bakin ruwan Edo da jiragen yaƙin Amurka huɗu, ya tilasta wa Japan buɗe ƙofar da ta rufe fiye da shekara 200. Aka buɗe tashar Yokohama a 1859, ta Kobe a 1868. Turawan da suka sauka suna son naman sa, shanun yankin Tajima da ake fitarwa ta Kobe kuma suka yi musu daɗi, daga nan ne sunan naman Kobe ya tashi. A Yokohama wasu masu gidajen abinci suka fara dafa naman a tukunyar ƙarfe da albasa da daddawar soya don su kashe ƙarnin da hancin Bajapane bai saba da shi ba, aka kira shi gyunabe, tukunyar sa. Da mulkin shogun ya faɗi a 1868, sabuwar gwamnatin Sarki Meiji ta dubi Turawa ta ga sun fi mutanenta tsawo da ƙarfi, ta yanke cewa nama yana cikin sirrin. Fukuzawa Yukichi, malamin da hotonsa ya daɗe a kan takardar yen 10,000, ya yi rubutu a 1870 yana kiran mutane su ci nama. A 1871 Kanagaki Robun ya fara fitar da littafinsa Aguranabe, inda yake zolayar ƴan birnin da ke tanƙwashe ƙafa a shagon gyunabe suna ganin sun waye saboda sun tauna sa.

A farkon 1872 aka sanar wa jama'a cewa Sarki Meiji, yana saurayi ɗan shekara 19, ya ci naman sa. Kamar wata guda bayan haka, wasu masu bautar tsaunin Ontake su goma, sanye da fararen kaya, suka yi yunƙurin kutsawa fada don nuna ƙin abin da suke gani a matsayin ƙazantar da ƙasa. Masu gadi suka buɗe wuta, huɗu suka mutu. A shekarar dai gwamnati ta halatta wa limaman Buda cin nama da yin aure. Kafin shekara goma, shagunan tukunyar sa a Tokiyo sun kai ɗaruruwa. Da na karanta labarin mutanen nan goma ban iya yi musu dariya ba. Ni da na kwana ban yi barci ba saboda yanki guda na nama, na san abin da ke cikin zuciyar mutumin da aka wayi gari aka ce masa abin da kakanninsa suka ƙyamata shi ne wayewa.

Akwai kuma waɗanda tarihin tukunyar ba ya yawan ambata, su ne masu yanka. A zamanin Edo feɗe matattun dabbobi da aikin fata sana'ar wasu mutane ce da aka ware a unguwanninsu, ba a aure da su, ba a ci da su. Doka ta soke wannan matsayi a 1871, amma jikokinsu sun ci gaba da shan wariya a wajen aure da neman aiki har cikin zamaninmu. Aka so nama, aka ƙi mai yanka shi. A nan ma ban samu bakin zargi ba, domin na tuna gidajen da a garinmu za su ci tsiren mahauci su lashe yatsa, amma in ya zo neman ƴarsu a fara kame-kame.

A yankin Osaka da Kiyoto da Kobe ana kiran irin wannan girki sukiyaki, kuma an fi danganta sunan da suki, ƙarfen noma wanda ake cewa manoma na gasa nama a kansa a waje don kada su ɓata tukunyar gida. Girgizar ƙasar 1 ga Satumba 1923, wadda ta kashe mutum fiye da 100,000 a Tokiyo da Yokohama, ta rushe shagunan gyunabe masu yawa, bayanta kuma sunan sukiyaki ya mamaye ƙasar. A tsakanin nan ne gajeren teburin da iyali ke kewayewa ya riƙa korar akwatunan hakozen daga gidaje. Rishon da ke gabanmu shi ne ɗan autan labarin. Kamfanin Iwatani ya fito da shi a 1969, daga nan duk wani ɗalibi mai ɗaki ɗaya ya iya tara abokai a kan tukunya.

Namu na daren nan sunansa shabu-shabu. Da ruwan ya fara motsi, Malam ya tsame baƙin ganyen, ya ɗauki falle ɗaya na nama ya kaɗa shi a romon sau uku ko huɗu, jansa ya gushe, ya tsoma a miyar riɗi. Ƙarar kaɗawar nan ita ce sunan abincin. Ɗalibar nan ƴar Sin ta dube shi ta ce, "Malam, wannan fa namu ne." Ya sunkuyar da kai ya ce, "Gaskiyarki." Asalinsa tukunyar naman rago ce ta Bejin, wadda gidajen abincin Musulmin Sin suka yi fice da ita, kamar gidan Donglaishun da wani Musulmi ya kafa a 1903. Wani likita mutumin Tottori mai suna Yoshida Shoya ya san ta lokacin da yake aikin likitan soja a arewacin Sin, a zamanin mamayar da Japan ta yi wa ƙasar. Bayan yaƙi ya koya wa wani gidan abinci a Kiyoto, aka sa naman sa a madadin rago saboda rago ya yi wuya, a 1952 kuma gidan Suehiro na Osaka ya raɗa masa sunan da ya bi shi. Teburin ya ɗan yi shiru da aka ambaci yaƙin, domin miliyoyin mutanen Sin sun mutu a cikinsa, kuma kakannin biyu daga cikinmu suna ɓangarori biyu na wannan yaƙi. Uwargida ce ta katse shirun, ta zuba kabeji da awara, ta ce a ci kafin ya yi sanyi. Ni kuma na zauna ina juya abin a raina, ashe girkin da na kwana ina tsoro daga tukunyar Musulmi ya fito.

Baƙin ganyen da Malam ya tsame shi ma ya zo mini da mamaki. Kombu ne, ciyawar teku da ake yankowa a gaɓar Hokkaido a shanya, kuma shi ne gishirin romonsu. A 1908 wani malamin kimiyya a jami'ar Tokiyo, Ikeda Kikunae, ya gano sinadarin da ke ba shi wannan ɗanɗano, ya kira ɗanɗanon umami. A 1909 aka fara sayar da shi a gari da sunan Ajinomoto. Farin magin nan da ake ƙullawa a kasuwannin Maraɗi da Kano, wanda iyayenmu mata ke kira Ajino, jikan romon da ke gabana ne. Shi kuma ɗanɗanon, mun daɗe da saninsa a daddawarmu ta kalwa kafin a ba shi suna a Tokiyo.

Kowace tukunya tana da mai mulkinta. Japanawa na kiran wanda ya kankane zuba kaya da kwashe kumfa nabe bugyo, shi bugyo kuwa babban jami'in shogun ne, sai ka ce a ce Sarkin Tukunya. Malam ne ya ci wannan sarauta, yana hana mu gaggawa, yana cewa wannan ya nuna, wancan da saura. Kada kuma a ɗauka tukunya ɗaya ta share girma gaba ɗaya. A gidajen horon ƴan kokawar sumo ana dafa chanko nabe kullum, amma manya ke fara ci, ƙananan da suka dafa suna tsaye suna hidima, sai abin da ya rage su samu. A lokacin gasa da yawa sun fi son kaza, don ita a ƙafa biyu take tsaye, ɗan kokawar da hannunsa ya taɓa ƙasa kuwa an ka da shi.

Ni ma na yi nawa kuskuren. A gidanmu in ka ga tsoka mai kyau kakan tura wa na kusa da kai, don haka na ɗauko yanki da tsinkayena na miƙa wa ɗan Indunusiya, shi kuma ya kawo nasa tsinkayen zai karɓa. Uwargida ta yi wuf ta sa kwano a tsakaninmu. Daga baya ta yi mana bayani a hankali. In an ƙone gawa a wurinsu, dangi ne ke tsince ƙasusuwan da tsinkaye su sa a tulu, kuma a nan kaɗai ne mutum biyu ke kama abu ɗaya da tsinke. Na ba da haƙuri, ta ce ba komai, ɗanta ma ya yi haka yana yaro. Da nama da ganye suka ƙare, ba a zubar da romon ba. Ta kwashe kumfa, ta juye dafaffiyar shinkafa a ciki, ta fasa ƙwai, ta rufe na ɗan lokaci. Wannan shi suke kira shime, rufe taro. Ruwan da aka fara da shi fari tas ya zama romo mai kauri wanda kowa ya bar wani abu a ciki. Malam ya ce suna da magana a kan mutanen da suka ci shinkafar tukunya ɗaya, ma'ana sun zama ƴan uwa. Na ce mu kuma mukan ce hannu da yawa maganin ƙazamar miya. Ya sa na maimaita masa sau biyu ya rubuta a ƴar takarda.

Yau ina Yamai, kuma a gidana kowane yaro da farantinsa da cokalinsa, wani ma a gaban talabijin yake ci. Ba wanda ya yi shela, ba wanda ya kutsa fada, kawai dai kwanon samirar da muke kewayewa mu bakwai a zauren mahaifina ya koma na ajiyar albasa. Su sun ɗauki shekara ɗari suna tahowa daga tire zuwa tukunya, mu kuma a cikin rayuwata kaɗai mun kama hanyar da suka baro.

Abu na ƙarshe da na gani a daren nan a madafa na gan shi. Na nace sai na taya uwargida wanke-wanke, da na kife tukunyar don in goge gindinta sai na ga takardar farashi a manne, wuta ta ɗan babbake gefenta. A saman kanta kuma ga wata tukunyar ƙasa, tsohuwa, baƙa, mai tsaga a baki. Na tambaye ta me ya sa ba ta yi amfani da waccan ba. Ta ce waccan ta uwar mijinta ce, shekara da shekaru ana dafa alade a cikinta, kuma ta karanta cewa tukunyar ƙasa tana shan abin da aka dafa a ciki. Ta karɓi sabuwar daga hannuna ta goge, ta ajiye ta a wani gurbi daban, ta ce in watan azuminmu ya zo in gaya mata ƙarfe nawa muke shan ruwa.